Roma da littafin lissafin da Netflix ya rufe

A ranar 14 ga Disamba 2018 kamfanin Netflix ya ɗora fim ɗin Roma a dandalinsa na intanet, wanda a lokacin yake kaiwa ƙasashe fiye da 190, alhali fim ɗin bai wuce mako uku da 'yan kwanaki ba yana zagaya wasu tsirarun gidajen sinima. A kan wannan ɗan tsakanin aka yi watanni ana cacar baki daga Faransa zuwa Italiya, daga Meksiko zuwa Amurka, har sai da ma'aikatar shari'a ta Amurka ta tsoma baki. Masu gidajen sinima sun ce an zo kashe musu sana'a, Netflix ya ce shi jama'a yake kai wa fim har ɗaki, kuma kowane ɓangare ya rantse cewa don masu kallo yake yi. Na daɗe ina juya wannan gardama a raina, kuma inda na tsaya shi ne, a rigimar da ke tsakaninsa da manyan kamfanonin sinima gaskiya tana wajen Netflix, amma akwai wani laifin da ya fi wanda ake tuhumarsa da shi nauyi, wanda aka bar shi ya wuce da shi salin-alin, wato ɓoye adadin mutanen da suka kalli fim ɗin.

Sai an san irin hajar kafin a gane dalilin da ya sa aka yi ta ja-in-ja a kanta. Daraktan fim ɗin, Alfonso Cuarón, ɗan Meksiko ne, kuma kafin Roma ya riga ya ci kyautar Oscar ta gwanin darakta da fim ɗin Gravity, wanda ya tara fiye da dala miliyan 700 a sinimomin duniya. Mutumin da ya kai nan yana iya neman kuɗin da ya ga dama a Hollywood, amma sai ya koma gida ya yi fim a kan unguwar da ya tashi, Colonia Roma a birnin Meksiko, da kuma matar da ta raine shi, Liboria Rodríguez, wadda ya sadaukar wa aikin. Labarin yana gudana ne tsakanin 1970 da 1971, yana bin wata 'yar aiki mai suna Cleo a gidan wani likita da aurensa ke rugujewa, kuma a tsakiyarsa akwai kisan da aka yi wa ɗalibai masu zanga-zanga ranar 10 ga Yuni 1971. Fim ne baƙi da fari, tsawonsa minti 135, ana magana a cikinsa da Sifaniyanci da kuma Mixtec, ɗaya daga cikin harsunan 'yan asalin ƙasar. Wadda ta fito a matsayin Cleo, Yalitza Aparicio, karatun malanta ta yi a jihar Oaxaca, 'yar garin Tlaxiaco ce, kuma ba ta taɓa yin fim ba kafin wannan. Duk ɗan kasuwar fim da aka jera wa waɗannan siffofi ya san cewa kowace ɗaya a cikinsu tana rage masa ciniki.

Kamfanin Participant Media ne ya sa kuɗin aikin, kusan dala miliyan 15, sannan a farkon 2018 Netflix ya sayi haƙƙin rarraba shi. Tun nan aka fara samun matsala. Bikin finafinai na Cannes ya so fim ɗin, amma a shekarar da ta gabata masu sinima na Faransa sun tayar da jijiyar wuya saboda an shigar da finafinan Netflix biyu gasar, har aka kafa dokar cewa duk fim ɗin da zai shiga gasa sai an nuna shi a sinimomin ƙasar. Tsarin Faransa kuwa a lokacin ya tanadi cewa fim ɗin da aka nuna a sinima sai ya jira wata 36 kafin a sa shi a dandalin masu biyan kuɗin wata. Babu kamfanin da zai sayi fim ya kulle shi shekara uku a ƙasa guda, don haka Netflix ya kwashe kayansa ya bar Cannes. Bikin finafinai na birnin Venice a Italiya ya karɓi abin da Cannes ya ƙi, aka nuna Roma a can ranar 30 ga Agusta, kuma ya tafi da babbar kyautar bikin, wato Zakin Zinariya, a ƙarƙashin alƙalan da wani ɗan Meksikon, Guillermo del Toro, ya shugabanta. Ƙungiyoyin masu sinima na Italiya ma sun yi ƙorafi, sai dai ihu ne bayan hari.

Inda abin ya fi zafi shi ne Meksiko kanta. Kamfanoni biyu, Cinépolis da Cinemex, su ne ke riƙe da mafi yawan majigin ƙasar, kuma sun ƙi nuna fim ɗin saboda al'adar kasuwar ita ce a ba sinima kwana 90 ita kaɗai kafin fim ya tafi ko'ina. Cuarón da kansa ya fito ya koka cewa ɗakunan kallo 40 kacal ya samu a ƙasarsa, alhali a Poland ya samu 57, a Koriya ta Kudu 50. Cinépolis ya amsa cewa a shirye yake ya nuna fim ɗin idan Netflix zai ɗage ranar sakinsa a intanet, har ya yi tayin ba da rabin kuɗin tikiti ga ƙungiyoyin taimakon jama'a, amma Netflix bai motsa ba. Ƙananan sinimomi masu zaman kansu, da jami'o'i, da gidan adana finafinai na ƙasa da ake kira Cineteca Nacional, su suka ɗauki nauyin, kuma mutane suka yi ta layi. Ana jajibirin sakin fim ɗin a intanet aka haska shi kyauta ga dubban mutane a harabar Los Pinos, tsohuwar fadar shugaban ƙasa wadda sabuwar gwamnatin Andrés Manuel López Obrador ta buɗe wa jama'a a farkon watan nan na Disamba. A Amurka ma manyan kamfanonin sinima irin su AMC da Regal sun juya masa baya, har suka cire shi daga jerin finafinan takarar Oscar da suka saba nunawa a jere kowace shekara.

Hujjar masu sinima ba shirme ba ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Suna biyan haya da albashi da wutar lantarki, kuma idan mai kallo ya san cewa nan da mako uku fim zai iso wayarsa, da wuya ya biya kuɗin mota da na tikiti. Akwai kuma hujjar fasaha, wadda ta fi kama ni. An ɗauki Roma da babbar kyamara mai faɗin hoto, an tsara sautinsa yadda kukan kare da busar mai wasa wuƙa da amon teku za su zo wa mai kallo ta kowace kusurwa, kuma fim ɗin yana buɗewa da mintuna na ruwan wanke tsakar gida yana malala a kan daɓe, inuwar jirgin sama tana giftawa a cikinsa. Ni a kwamfuta na fara kallonsa, sau biyu ina tsayar da shi don amsa waya, kuma na san cewa abin da na gani guntu ne daga abin da aka shirya. Fim mai tafiyar hawainiya irin wannan yana buƙatar ɗaki mai duhu inda ba ka da ikon danna maɓallin wucewa.

Amma tambayar da Cuarón ya jefa wa wani ɗan jarida a daren da ya karɓi kyautar Golden Globe ita ce ta warware mini batun. Ya tambaye shi, a ganinsa sinimomi nawa ne za su karɓi fim ɗin Meksiko baƙi da fari, cikin Sifaniyanci da Mixtec, wanda babu fitaccen tauraro a cikinsa, in da an bi tsohuwar hanya. Amsar sananniya ce. Kamfanonin da suka yi ta kukan an hana su Roma su ne waɗanda a ranar da babu rigima suke cika ɗakunansu da finafinan jarumai masu tashi sama, su bar wa irin wannan fim majigi ɗaya na mako guda a unguwar masu hali. Dokar kwana 90 an yi ta ne don kare cinikin manyan finafinai, kuma amfani da ita a kan ƙaramin fim da sunan kishin fasaha bai gamsar da ni ba. Sannan akwai mutanen da wannan gardama ba ta ma san da su ba, waɗanda ke zaune a garuruwan da babu sinima ko ɗaya, a Meksiko da wajenta. Mai zama a Zinder ko Gusau ko Tamale bai taɓa samun zaɓi tsakanin babban majigi da ƙaramin allo ba, abin da ke gabansa shi ne ya gani a waya ko kada ya gani har abada, kuma wanda yake da sinima a bakin layinsu bai kamata ya yanke masa hukunci ba.

Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Netflix bai sayi Roma don tausayin mazauna karkara ba, ya saye shi ne don yana neman abin da kuɗi kaɗai ba su ba shi ba, wato mutunci a idon manyan daraktoci, kuma hanyar samun wannan a Hollywood ita ce Oscar. A 2018 ya ɗauko Lisa Taback, wadda ta yi suna wajen jagorantar kamfe na neman kyaututtuka, tare da ma'aikatanta. Aka cika titunan Los Angeles da allunan talla, aka sayi lokaci a talabijin, aka aika wa masu ƙuri'a da 'yan jarida tsarabobi, ciki har da cakulan na Oaxaca da wani ƙaton littafin hotuna da ake sayarwa dala 175, aka yi ta shirya liyafa inda fitattun taurari ke karɓar baƙi. Kamfanin bai faɗi abin da ya kashe ba, amma ƙiyasin da jaridun Amurka suka riƙa bugawa ya fara ne daga dala miliyan 25 ya yi sama, wato fiye da kuɗin da aka kashe wajen yin fim ɗin kansa. Masu jefa ƙuri'ar Oscar a lokacin ba su wuce mutum 8,000 ba, don haka ko da mafi ƙarancin ƙiyasin aka raba a kansu, kowane ɗaya ya tashi a kan fiye da dala 3,000. Na san ba duka kuɗin ne aka nufe su da shi kai tsaye ba, amma lissafin yana nuna wa aka fi so ya ga fim ɗin. Akwai wani abu da ke ɗaure kai a labarin 'yar aikin da ke kwana a ɗakin bayan gida, a ce an tallata shi da littafin da kuɗinsa ya kai albashin makonni na mace irinta.

Kamfe ɗin ya yi aiki. Roma ya shiga takara a rukuni 10, ya ci uku a daren 24 ga Fabrairu 2019: gwanin darakta, ɗaukar hoto, da fim ɗin harshen waje, wanda Meksiko ba ta taɓa ci ba sai a ranar. A Ingila ya ci babbar kyautar BAFTA. Babbar kyautar Oscar dai fim ɗin Green Book ne ya ɗauke ta, kuma mutane da yawa sun ɗauka cewa wasu masu ƙuri'a sun ƙi Roma ne don kada su ɗaura wa Netflix rawani. Fitaccen darakta Steven Spielberg ya riga ya faɗa tun 2018 cewa fim ɗin da aka yi don allon gida fim ɗin talabijin ne, kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin ce ta dace da shi. Da aka fara raɗe-raɗin za a canza doka don a toshe irin wannan hanya, ma'aikatar shari'a ta rubuta wa hukumar Oscar tana gargaɗin cewa hakan na iya saɓa wa dokar hana danne abokan kasuwa, kuma a watan Afrilu hukumar ta bar dokarta yadda take.

A duk wannan hayaniya, mutum nawa ne suka kalli Roma? Netflix bai bayyana kuɗin da aka samu a sinimomin da suka nuna shi ba, domin a wurare da dama hayar ɗakin ya yi gaba ɗaya ya riƙe cinikin, kuma bai yi shelar cikakken adadin waɗanda suka kalle shi a dandalin ba. Kada a ce al'adarsa ce yin shiru, domin mako ɗaya bayan Roma ya saki Bird Box, fim ɗin ban tsoro na Turanci, kuma cikin kwanaki ya fito yana bugun ƙirji cewa asusun masu kallo fiye da miliyan 45 sun kalle shi a makon farko. Ke nan yana ƙirgawa sarai, yana dai zaɓen abin da zai faɗa ne. Wannan shi ne abin da nake ganin ya cancanci a tayar da ƙura a kansa, kuma kusan babu wanda ya yi, saboda hankalin kowa ya tafi kan kwana 90.

Dalilin da ya sa na ɗauki wannan da nauyi shi ne, a kasuwar fim alƙaluma su ne shaidar mai ƙaramin ƙarfi. Tsohon tsarin sinima yana da aibu iri-iri, amma duk ranar Litinin kowa yana iya ganin abin da kowane fim ya tara. Idan fim ɗin da aka raina ya yi ciniki, daraktansa yana da takardar da zai ɗora a kan tebur ranar da zai nemi kuɗin fim na gaba, kuma wata daraktar a Peru ko Guatemala tana iya nuna wa masu zuba jari cewa ga irin nata ya sayu. Idan kuwa mai rarrabawa shi kaɗai ne ya san adadin, to shi kaɗai ne ya san darajar aikinka, shi zai yi maka farashi, kuma ba ka da abin da za ka musa masa da shi. Da a ce miliyoyin mutane sun kalli Roma har ƙarshe, da wannan labari ya buɗe ƙofa ga finafinan harsunan 'yan asalin ƙasa a ko'ina. Da a ce kuma yawancinsu sun kashe shi bayan minti goma, da mun koyi cewa sa fim a gaban mutane miliyan 139, adadin masu biyan kuɗin Netflix a ƙarshen 2018, ba ɗaya yake da kai shi gare su ba. Kowace amsa tana da amfani, amma an hana mu duka biyun, aka bar mu da kalmar kamfanin cewa ya kai fim ɗin ga duniya.

Masu shirya finafinan Hausa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. A zamanin kaset da faifai, furodusa yakan miƙa fim ɗinsa ga 'yan kasuwa, kuma ƙorafin da aka fi ji shi ne cewa mai shago ne kaɗai ya san kwafi nawa aka buga, nawa aka sayar, nawa aka ce sun dawo. Da kasuwar faifai ta durƙushe aka koma YouTube, duk da ƙarancin abin da ake samu, an sami abu ɗaya da babu shi a da, wato adadin masu kallo yana rubuce a ƙarƙashin kowane shiri, mai talla yana gani, jarumi yana gani, abokin hamayya ma yana gani. A Amurka sai da marubuta da 'yan wasa suka shiga yajin aiki na watanni a 2023, suna neman a nuna musu alƙaluman kallo a kuma biya su a kansu, sannan a watan Disamba na shekarar Netflix ya fara wallafa rahoton awoyin da aka kalli shirye-shiryensa. Shekara biyar ke nan bayan Roma, kuma har yanzu kamfanin ne ke auna kansa da mudunsa.

Wani abin da ya faru a Sifaniya ya nuna irin kuskuren da ake yi idan ofis ɗaya ne ke rarraba fim ga duniya baki ɗaya. A watan Janairu 2019 aka lura cewa an sa wa Roma rubutun fassara a ƙasan hoto daga Sifaniyancin Meksiko zuwa Sifaniyancin Sifaniya, wato an fassara harshe zuwa kansa. Inda yaro ya ce mamá aka rubuta madre, inda aka ce ustedes aka mai da shi vosotros, kuma sunan wani ɗan kek mai cakulan da yaran Meksiko suka sani da Gansito aka canza shi zuwa ganchitos, wani abin taunawa mai gishiri, kamar dai a ce yaro ya roƙi alkaki a rubuta cewa ƙuli-ƙuli ya nema. Cuarón ya gaya wa jaridar El País cewa wannan jahilci ne da cin fuska ga mutanen Sifaniya kansu, kuma Netflix ya cire rubutun daga dandalinsa. Bahaushe zai gane zafin abin idan ya ƙaddara an kawo fim daga Maraɗi ko Sakkwato an nuna a Kano, duk inda aka ce shina a rubuta yana, duk inda aka ce ɗiya a rubuta 'ya, kamar Bakano ba zai fahimta ba ko kuma Hausar can tana buƙatar gyara. A tsakanin Sifaniya da Meksiko akwai ƙarin ciwo, domin Sifaniya ta yi wa Meksiko mulkin mallaka na shekara 300. Abin lura kuma shi ne mutane ne suka gani da idonsu suka yi magana aka gyara, kuma wannan yana yiwuwa ne kawai a kan abin da ke fili.

Idan ana neman sanin yadda aka karɓi Roma da gaske, a ganina Meksiko za a duba, kuma abin da aka gani a can bai da daɗin ji duka. Yalitza Aparicio ta zama mace ta farko daga 'yan asalin nahiyar Amurka da ta shiga takarar gwanar jaruma a Oscar, kuma mujallar Vogue ta Meksiko ta sa hotonta a bango. Abin da ya biyo baya shi ne zagi a kan launin fatarta da asalinta, har aka ga bidiyon wani tsohon jarumin wasannin talabijin, Sergio Goyri, yana aibanta ta da kalmar ƙasƙanci a wajen cin abinci, ya dawo yana neman gafara, sannan a wani shirin barkwanci na talabijin aka shafa wa wata 'yar wasa baƙin kwalli a fuska don ta kwaikwaye ta. Ƙasar da ta daɗe tana gaya wa kanta cewa ba ta da wariyar launi ta ji muryarta da kunnenta. Mahaifiyar Yalitza kanta aikin gida ta yi ta raine su.

Akwai masu cewa fim ɗin ne ya sama wa 'yan aikin gida haƙƙinsu a Meksiko, kuma a nan ina ganin an yi wa tallan kamfani kyautar da ba tasa ba. Kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci ranar 5 ga Disamba 2018, kwana tara kafin fim ɗin ya hau intanet, cewa ware 'yan aikin gida daga inshorar ma'aikata ta tilas ya saɓa wa tsarin mulki, kuma ƙarar ta fito ne daga wata dattijuwa da ta yi wa gida ɗaya aiki fiye da shekara 50. Marcelina Bautista, wadda ita ma 'yar Oaxaca ce da ta fara aikin gida tun tana yarinya, ta kafa cibiyar horar da 'yan aikin gida tun 2000, ta kuma kasance cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ƙwadagonsu a 2015. Abin da Roma ya yi shi ne ya haska musu fitila a daidai lokacin da suke buƙata: Participant Media ya haɗa kai da cibiyarta, Cuarón ya ambaci 'yan aikin gida miliyan 70 na duniya a jawabinsa na Oscar, majalisa ta gyara dokar ƙwadago a 2019, kuma ƙasar ta amince da yarjejeniya ta 189 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2020. Gudummawa ce ta gaske ga mata fiye da miliyan 2, amma ita ce ta ƙarshe da ta iso. Wasu masu sharhi, irin su Richard Brody na mujallar New Yorker, sun ma soki fim ɗin da cewa Cleo ba ta da bakin magana a cikinsa, ana ganinta ne da idon yaron gidan da ya girma. Ban yarda da sukar gaba ɗaya ba, domin shirun nata shi ne abin da ake nunawa, amma duk wanda ya tashi a gidan da ake cewa 'yar aiki ta zama kamar 'yar gida, alhali ita ce ta farkon tashi ta ƙarshen kwanciya, zai ji abin ya taɓa shi.

Shekarun da suka biyo baya sun ba kowane ɓangare abin kafa hujja. A Fabrairu 2020 fim ɗin Koriya ta Kudu, Parasite, ya ci babbar kyautar da Roma ya rasa, bayan ya bi tsohuwar hanyar sinima ya tara fiye da dala miliyan 250, kuma saboda kowa ya ga wannan adadi, babu mai iya sake cewa jama'a ba sa biyan kuɗi don fim mai rubutun fassara. A ɗaya gefen, darakta ɗan Sifaniya J. A. Bayona ya yi kusan shekara goma yana neman mai ba shi kuɗi ya yi La sociedad de la nieve da Sifaniyanci, labarin jirgin 'yan Uruguay da ya faɗi a tsaunukan Andes a 1972, kuma Netflix ne ya amsa, fim ɗin ya ci kyautar Goya 12 a Sifaniya. Sai kuma Emilia Pérez, wanda Bafaranshe ya ɗauka a Faransa da Sifaniyanci a kan Meksiko, Netflix ya tallata shi a Amurka har ya shiga takarar Oscar a rukuni 13 a 2025, ya zarce Roma, alhali a Meksiko mutane suna ta tir da shi a kan yadda ya ɗauki batun waɗanda aka sace aka ɓatar da kuma yadda ake furta harshensu a ciki. Wannan na ƙarshe ya nuna nisan da ke iya shiga tsakanin abin da kamfe ya saya da abin da mutanen da ake ba da labarinsu suka ji.

Dokar kwana 90 kuwa annobar korona ta gama da ita ba tare da Netflix ya ɗaga yatsa ba, domin a Yuli 2020 AMC ɗin da ya ƙi Roma ya amince da kwana 17 kacal a yarjejeniyarsa da kamfanin Universal, kuma a 2022 Faransa ta rage wa Netflix jiran wata 36 zuwa 15. Abin da nake so in gani shi ne bukukuwan finafinai da masu ba da kyaututtuka, waɗanda su ne ke riƙe da mutuncin da waɗannan kamfanoni ke kwaɗayi, su sa sharaɗin cewa duk fim ɗin da zai shiga takara sai an bayyana yawan waɗanda suka kalle shi, ƙasa bayan ƙasa, ta hannun mai binciken da ba ma'aikacin kamfanin ba. Hukumar Oscar ta sake duba dokokinta a 2023, ta ƙara cewa fim ɗin da ke neman babbar kyauta sai an ƙara nuna shi na kwana bakwai a birane 10 daga cikin manyan kasuwanni 50 na Amurka. Sharaɗin ya ƙirga majigi da kwanaki da birane, bai ce komai ba a kan mutum nawa ne suka zauna suka kalla.